Ciyar da mutanen Yamai da dare

Ƙarfe 5 na yamma muke buɗe ƙofa, amma aikin yana farawa tun bayan sallar asuba, lokacin da ƙanena yake hawa babur ya nufi wajen masu kifi. Gidan abincin namu yana bakin kogi ta ɓangaren Gamkalle. Ba wani babba ba ne: rumfar kwano ɗaya, kicin, fili da muka zuba wa yashi, da itatuwan dogon yaro da muka tarar a wurin. Mu 11 muke ci daga cikinsa, kowa da iyali a bayansa.

Ni Ba'adare ne daga jihar Tawa. Kamar yawancin samarin wajenmu, ci-rani ne ya kai ni Abijan, kuma a rumfar garba na fara wannan sana'a. Wanda ya zauna can ya san garba, acake, wato turararren tsakin rogo, da soyayyen kifin teku da yankakken barkono da albasa, kuma 'yan Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi. A nan na koyi lissafin da har gobe nake aiki da shi, wato sanin gutsure nawa kifi zai bayar da man da zai sha tun kafin ya shiga kasko. Na kuma ga yadda magidanta a can suke fita cin abinci da dare da matansu da 'ya'yansu, ba don an rasa tukunya a gida ba. Wannan ne ya tsaya mini a rai har na dawo.

Lokacin da na buɗe, Yamai ba ta saba da haka ba. Namiji zai tsaya wajen mai nama a ƙunshe masa balangu ya kai gida, ko ya zauna a fada da abokai ana dafa shayi har dare ya raba. Amma a ce ya ɗauko uwargida da yara sun zauna a teburi a waje, sai a tambaya ko lafiya. Masu cika mana kujeru su ne Turawa, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na ofisoshin jakadanci, sai manyan ma'aikatan gwamnati idan sun yi baƙi. Abincin ma irin nasu muke yi, tsiren giwan ruwa da soyayyen dankali da salak. Su dai a ba su kujera inda za su ga faɗuwar rana a kan ruwa, kuma ba sa ciniki.

Sai shekarar 2023 ta zo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta saka wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. A wajen mai gidan abinci, rashin kuran, wato wutar lantarki, na nufin kifin da ka saya da asuba ba zai kai magariba ba. Idan ka tayar da injin, man da zai sha ya fi abin da teburi zai kawo. Baƙi suka kama hanya. Sojojin Faransa sun gama ficewa a Disamba na wannan shekarar, ƙungiyoyi da yawa kuma suka rage ma'aikata. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma iyakar Benin ta ci gaba da zama a rufe, kayan da suka saba zuwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗinsu ya hau. Na san gidajen abinci da suka rufe a wannan tsakanin, masu kyau kuwa, waɗanda suka fi ni jari nesa ba kusa ba.

Mu kuma muka zauna muka duba abin da ba ya bukatar firiji kuma ba ya ƙetaro iyaka. Gero da masara suna nan. Zogale yana nan a garake bakin kogi, busasshensa kuma yana zuwa buhu-buhu daga Jiratawa ta wajen Maradi. Zabbi ana kawo su daga kasuwar Baleyara ta ranar Lahadi, kuma zabo a raye yake zama a keji har la'asar ɗin ranar da za a gasa shi. Yayata, wadda ta zo daga Tawa tana zaune wajena, ita ce ta yanke maganar.

"Kai dai ka ba ni murhu guda da madambaci," ta ce, "ka bar mini sauran."

Dambu ba abincin gaggawa ba ne. Tana wanke tsakin ta tsane shi, ta zuba a madambaci, ta liƙe bakin tukunya da tsumma don kada turiri ya tsere. Idan ya yi rabin dahuwa ta sauke ta juye a babbar roba, ta yayyafa ruwa, ta murje ƙulalan da tafin hannu yana zafinsa, har ya warware. Zogalen an riga an dafa shi an matse ɗacinsa. Sai ta haɗa su ta mayar a turara karo na biyu, kuma a nan ne take tsayawa a kai, ba ta yarda yarinya ta duba mata. Bayan an sauke ne albasa da tattasai da garin ƙuli-ƙuli suke shiga, da man gyaɗa da aka soya da albasa har ƙanshinsa ya fito. Abin da ya fi cin lokaci shi ne wankin zogale, domin ƙwayar yashi ɗaya a haƙori ta isa ta raba ka da abokin ciniki har abada.

Sayar wa ɗan gari abincin gidansu ya fi sayar wa baƙo wuya, wannan na tabbatar da shi. Bature ba shi da dambun uwarsa da zai gwada naka da shi. Amma babu macen da za ta zauna a teburina, Bahausa ko Bazabarma, wadda ba ta iya dambu ba. Cokalin farko ta san ko man sabo ne, ta san ko zogalen na yau ne. Idan ta ci ta yi shiru ta ƙara hannu, to ka ci jarrabawa. Kuma ni a ganina wannan wuyar ita ce ta gyara mana aiki, ta kuma ba abincinmu darajar da ya daɗe da cancanta. Ban ga dalilin da za a shimfiɗa wa soyayyen dankali farin ƙyalle a kawo shi a faranti mai kyau, dambu kuma a bar shi a leda a bakin hanya ba.

Abinci kaɗai ba ya kawo iyali. Alhaji ne ke biya, amma Hajiya ce ke yanke ko za a dawo, kuma abin da take dubawa daban ne. Haske na farko. Yawancin wuraren shaƙatawa na dare duhu-duhu suke, matar aure kuwa ba za ta zauna inda ba a ganin fuskar mutane ba, don haka muka jera fitilu masu aiki da hasken rana har bakin ƙofa. Ba ma sayar da barasa, muna da zoɓo da lemun citta da fura mai sanyi. Akwai kewayen mata daban, da buta da sabulu, kuma akwai yarinyar da aikinta ke nan duk dare. Akwai wurin salla, don wanda ya zo kafin magariba ba sai ya tashi ya bar abincinsa ya tafi neman masallaci ba. A gefe guda muka ɗauke teburori muka shimfiɗa tabarmi da darduma, saboda tsofaffi da masu goyo. Wata dattijuwa da ɗanta ya kawo ta miƙe ƙafa a kai, ta ce da ni, "Ɗana, yanzu na ji ina cin abinci." Na ce, "Inna, gidanki ne." Tun daga nan wurin tabarmin shi ne yake fara cika.

Sai kuɗi. Magidanci mai albashi yana so ya san abin da zai kashe tun kafin ya zauna, don kada ya ji kunya a gaban iyalinsa. Muka rubuta farashi a allo a bakin ƙofa, muka kuma fito da babban tire na tarayya, dambu da gasasshen zabo ɗaya a kan jikka 8, wato sefa 8000, mutum huɗu ko biyar su sa hannu su ƙoshi. Ribar kowane mutum ba ta kai ta da ba. Ciniki kuma yana bin albashi, ƙarshen wata ba masaka tsinke, tsakiyar wata sai a hankali. Amma waɗannan mutanen ba jirgin da zai zo ya kwashe su. Da ɗan gari akan ci gari.

Wanda zai yi wannan sana'a a bakin kogi dole ya san halin kogin. Sau biyu yake cika a Yamai. Akwai jan ruwa na damina, wajen Agusta da Satumba, da ruwan sama ke kawowa daga rafukan kusa, yana zuwa da gudu da laka. Akwai kuma ruwan da ke tasowa tun daga duwatsun Gini, wanda sai ya ratsa Mali a hankali kafin ya iso mana cikin sanyi, ya kai ƙololuwa wajen Janairu. Na farkon shi ne abin tsoro. A Satumban 2020 ruwa ya kai kimanin mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsai, ya shiga unguwanni kamar Lamorde da Saga. Mu ma ya ci mana fili har bakin kicin, muka yi makonni a rufe. Daga nan na ɗaga daɓen kicin da ma'ajin kaya, kuma da damina ba na ajiye buhu a ƙasa.

Lokacin sanyi shi ne lokacin araha a kasuwa. Tumatir da kabeji da salak suna fitowa daga garake, dankali yana zuwa daga Bonkuku da Agadas. Sai dai iskar hunturu tana korar mutane da wuri, ƙarfe 10 ka ga ana neman makullin mota. Albasa kuwa ta Galmi nake amfani da ita, ba don ta jiharmu ce kawai ba, tana da yaji kuma tana jure ajiya. Ana kwasar ta wajen Maris da Afrilu, lokacin buhu yake arha, daga damina kuma sai ya yi ta hawa. Ina saye tun lokacin kwasarta a ajiye mini a rudu, wato rumbun albasa, can gida, ana turo mini kaɗan-kaɗan a mota.

Bazara ce kasuwarmu. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya yi nisa, kogi ya janye har yashi ya fito a tsakiyarsa. Mutane ba yunwa ce ke fito da su ba, iska suke nema. Ba mai zuwa kafin isha'i, amma sai mu kai ƙarfe 1 muna gashi. A lokacin har suturar mutane canzawa take. Shadda mai nauyi da sitaci ana ajiye ta sai biki, maza su koma yadi marar nauyi mai gajeren hannu, mata kuma atamfar auduga da dogayen riguna masu sakin jiki da mayafi shara-shara. 'Yan mata suna ɗinki musamman don fitar daren Asabar, su ɗauki hoto a ƙarƙashin fitilunmu su saka a Facebook da TikTok, kuma wannan hoton ya kawo mini mutane fiye da duk tallar da na taɓa biya. Ma'aikatana ma da bazara fararen riguna na auduga nake ɗinka musu, guda bibbiyu, domin mai tsayawa gaban gawayi ba ya kai tsakar dare da riga ɗaya. A shekarun da azumi ya faɗo cikin wannan zafin, kamar 2021 da 2022, ƙanƙara ta fi nama daraja a wajen buɗa-baki.

Ranar Lahadi ce kaɗai muke buɗewa da safe, kuma masu keke ne suka jawo. Wasu matasa ne da 'yan dattawa da ke ƙetare gadar Kennedy da sassafe a kan kekuna masu faɗin taya, su hau tuddai ta wajen duwatsun nan uku na ƙetaren kogi, su dawo kafin rana ta yi zafi, jikinsu duk jar ƙasa. Fura da nono suke so, da ƙosai da ruwan sanyi mai yawa.

Yanzu ana yin oda ta WhatsApp a kai wa mutum gida a babur. Muna yi, tun da kasuwa ta zo da shi, amma ba na son sa sosai. Gasasshen karfasa idan ya yi minti 20 a rufe sai fatarsa ta yi laushi, wanda ya ci kuma sunana zai kira.

Abin da ya fi damuna shi ne hannu. Mai gashinmu ɗan Madawa ne, a cikin nama ya tashi, shi yake haɗa yajinsa da kansa da ƙuli-ƙuli da citta da masoro da kanumfari, kuma da yatsa yake gane zabo ya gasu. Irinsa ba su da yawa. Yaro zai zo ka koya masa wanke hannu, da raba wuƙar kifi da ta kayan lambu, da yadda ake gaishe da babba a teburi, ya fara iyawa ke nan sai ka ji ya tafi haƙar zinariya ko ya sayi babur. Ba na ganin laifinsu, kowa gaba yake nema. Shi ya sa na ƙara wa waɗanda suka daɗe albashi, na kuma sa musu kaso a cinikin daren Asabar. Yayata tana da 'yan mata uku da take koya wa dambu da miya, ɗaya ta riga ta buɗe nata wurin a wata unguwa, kuma zogalenmu tare muke saye don mu samu rangwame. Kafin bazara mai zuwa ina so in haɗa kuɗin firijin da ke aiki da hasken rana, don in riƙa sayen giwan ruwa duk ranar da masunta suka same shi da yawa, in daina cewa mutane ya ƙare tun ƙarfe 9.