Daga Garwa zuwa Rumsiki da tsohuwar Hilux: ƙarar sarkar taimin

Mun bar Garwa bayan sallar asuba da tsohuwar Hilux mai injin fetur 22R, da niyyar mu kwana a Rumsiki, wani ƙauye cikin duwatsun arewacin Kamaru. Da aka tayar da ita sai gaban inji ya yi kacau-kacau na kamar daƙiƙa uku, sannan ya yi shiru. Direbobi da yawa sun saba da wannan ƙarar har sun daina jin ta. Dalilinta shi ne tenshinan da ke ɗaure sarkar taimin, wato sarkar da ke daidaita juyin karanshaf da na kamshaf mai buɗe bawul, a wannan inji da ƙarfin baƙin mai yake aiki. Idan mai ya sauka cikin dare, sarka takan yi sako-sako har sai famfon mai ya turo shi sama, kuma duk bugun da ta yi a wannan ɗan lokaci a jikin robar da ke riƙe ta yake sauka.

Muka wuce Fitowa, garin da kasuwarsa ke ci ranar Lahadi, muka miƙe kan kwalta. A Figil, kusa da kamfanin siminti, muka tsaya shan shayi aka bar inji yana aiki. Nan na ji ƙarar ba ta ɗauke ba ko da inji ya yi zafi, kuma ta koma ta ƙarfe na gogar ƙarfe. Na ɗora bakin dogon sukundireba a kan murfin taimin, na kara kunne a ƙotarsa. Daga can take fitowa, ba daga bawul ba, don ƙarar bawul tik-tik take yi daga sama. Na zaro sandar awon mai: baƙi ne, bai koma kalar shayi da madara ba. Da inji ya huce na buɗe lagireto, ruwa bai ragu ba. Wannan ne kawai ya sa muka ci gaba, a hankali, ba tare da matsa totur ba, har Marwa.

A wani gareji da ke kusa da Mayo Kaliyawo, rafin da ya ratsa Marwa, dattijon bakanike ya saurara sau ɗaya ya ce, "Alhaji, kada ka hau dutse da ita haka. Bari mu buɗe sama mu gani." Noti huɗu ne ke riƙe murfin bawul. Da aka ɗaga shi aka haska tocila ta gefen giyar kamshaf, sai ga doguwar robar ɓangaren direba babu ita, sai guntunta a jikin noti. A bangon murfin taimin kuwa sarka ta ja layi biyu masu sheƙi. Bayan wannan bango hanyar ruwa ce. Da sarkar ta ci gaba da cin alminiyon ta huda shi, ruwan lagireto zai zube cikin baƙin mai, kuma daga nan karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kansu ne za su biya. Idan kuma ta tsallake haƙora, fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa su.

Wanda motarsa ta gas ce, wato dizal, irin Hilux mai injin 3L ko Land Cruiser mai 1HZ, bel gare shi, maganarsa daban. Su kansu 22R na farko sarka mai layi biyu gare su. Daga baya aka koma layi ɗaya da roba zalla, kuma su ne ke wannan ciwo.

Kafin a kwance komai, dattijon ya juya inji da hannu har alamar fuli ta tsaya kan 0, rotan distiributa yana kallon wayar filogi ta ɗaya. Sannan aka zubar da ruwa da mai, aka cire lagireto, fanka, fanbel, fuli, distiributa da famfon mai. Notunan murfin taimin tsayinsu ya bambanta, don haka yaron gareji ya zana siffar murfin a kwali yana soka kowanne a gurbinsa. Akwai ɗaya da ke ɓoye a gaban tof silinda, ƙarƙashin giyar kamshaf, nutse cikin mai. Wanda bai san da shi ba zai yi ta ɗaga murfi da ƙarfe har ya fasa shi. An yi aikin ba a ɗaga tof ba, amma da lallaɓawa, domin leɓen gaskit ɗin tof yana zaune a kan murfin, kuma idan ya yage mai zai riƙa tsiyaya.

Inda na fi nacewa shi ne kwanon mai na ƙasa. Wasu kan bar shi don gudun wahala, alhali robar da ta karye can take faɗawa. Da aka sauke namu, guntaye cike da tafin hannu muka kwaso, wasu sun manne a ragar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta. Da an bar su, sabon tenshina ma ba zai sami isasshen mai ba.

An auna tsohuwar sarka: ƙwaya 17 kada su wuce milimita 147, tamu ta wuce. Kan tenshina kada kaurinsa ya gaza milimita 11. Muka sayi saiti guda, sarka, giya biyu, tenshina, robobi biyu, gaskit da sil na gaba, muka zaɓi roba mai ƙarfe a bayanta. Sa sabuwar sarka a kan tsohuwar giya asarar kuɗi ce. Murfin kuma, tunda ramin ya yi zurfi, aka nemo wani na hannu mai lafiya.

Wajen ɗaurawa, makullin karanshaf yana kallon sama, ɗigon ƙaramar giya yana ƙasa, ƙwayoyin sarka masu haske suna daidai da ɗigon kowace giya. Notunan tenshina ƙarfin 19 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti) kawai suke so, idan aka matse su fiye da haka sai ya maƙale ya ƙi fitowa. Notin giyar kamshaf 79 Nm, na fuli 157 Nm. Aka cika famfon mai da man shafawa don ya kama da wuri, aka juya inji zagaye biyu da hannu a tabbatar ba inda ya cije. Sabon mai ya shiga, da filta mai bawul ɗin da ke hana mai komawa ƙasa, don filta mai arha tana cikin abin da ke jawo ƙarar safe. Bayan inji ya yi zafi aka saita bawul, tazarar na shiga milimita 0.20, ta na fita milimita 0.30.

Kwana biyu aikin ya ci. Rana ta uku muka ɗauki hanyar Mokolo, kimanin kilomita 80 na kwalta, daga nan muka faɗa turɓaya da duwatsun Kapsiki, giya ɗaya da biyu mafi yawan hanya. Muna isa Rumsiki da la'asar, dogon dutsen da aka san garin da shi yana tsaye gabanmu, na sake zaro sandar mai na duba ruwa, duka suna nan yadda aka zuba su. Da asuba cikin sanyin dutse aka murɗa makulli, inji ya tashi ba ko kacau ɗaya.