Litinin ɗin da na je ganin tarakta

Zafin Afrilu ya kai maƙura, tun hantsi ƙyauren shago ba ya taɓuwa. Duk da yau kasuwar Maraɗi ke ci, na bar wa yaro shago, na ɗauki makanikina a babur muka nufi wani garaji a hanyar Ɗan Isa, inda aka yi mini kwatancen wata ƙaramar tarakta ta sayarwa.

Ƙirar China ce, mai ƙarfin doki 30, ta hannu amma an sabunta mata fenti. Mai ita ya ce miliyan 6 na sefa har da garma mai faifai, tirela kuwa cinikinta daban. Da ni kaɗai ne da kewaya ta zan yi in duba tayoyi. Makanike bai bari an tayar da ita ba sai da ya ɗora tafin hannunsa kan injin, don ya ji ko an ɗumama ta kafin zuwanmu. Ya zaro sandar mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Da aka tayar, ya koma wajen salansa ya tsaya yana kallon hayaƙin. Daga nan ya sa aka ɗaga garmar sama aka kashe injin, muka zuba ido. Kafin mai ita ya gama yabon kayansa, faifan sun sauko sun taɓa ƙasa da kansu.

A hanyar dawowa ya ce, “Alhaji, injin da sauransa, amma tana shan mai, kuma na'urar ɗaga garma ta gaji. Ka ware kamar jika 700, wato sefa dubu 700, kafin ta shiga gona. In kuma famfon gazuwal ya lalace a tsakiyar damina, sai an aika Kano.” Wannan kalma ta Kano ta tsaya mini a rai. Ban manta da 2023 ba, da aka rufe iyaka, yadda ƙaramin ƙarfe da ake kawowa ta Jibiya cikin yini guda ya koma abin jira da roƙo.

Bayan azahar na zauna da biro. Gonar da muka gada a yankin Tibiri hekta 5 ce, huɗu jigawa, ɗaya a fadamar Gulbi. Bara na biya jika 20 kowace hekta aka yi mini huɗa da taraktar haya, wato jika 100 ke nan gaba ɗaya. In na raba miliyan 6 da jika 100, hayar shekara 60 ce zan biya a zama ɗaya. Ban sa gazuwal ba, wanda ko da matatar mai ta SORAZ tana nan Damagaram litarsa ta haura sefa 600. Ban sa juyen mai ba, ban sa taya ba, ban sa haƙƙin direba ba, ban sa rumfar da zan yi mata ba. Kuma gonar tawa duka aikin kwana biyu ce gare ta. Sauran shekara fa?

Amsar kowa ɗaya ce: ka ba da ita haya. Gaskiya ne akwai kuɗi a ciki. Sai dai wannan wata sana'a ce daban, ba noma ba. Sai ka bi direba ƙauye ƙauye, ka san litar da ya zuba da hektar da ya yi, ka bi bashin mutanen da za su ce sai kaka, cikinsu har da surukai da abokan mahaifinka da ba ka iya ɗaga musu murya. Ni da shago ke jirana kullum, wa zai tsaya mini a kan wannan?

To me ya sa abin ya ƙi fita daga raina? Lokaci. Daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba an gama magana. Ranar da ruwan shuka ya sauka, kowa taraktar haya ɗaya yake nema, mai babbar gona ake fara yi wa, mai hekta biyar ya bi layi. Kafin a zo kanka laima ta tafi. 'Yan ƙwadago kuma sun yi wuya, samarin sun tafi haƙar zinariya, wasu Jado, wasu nan Ɗan Isa, wasu sun ƙetara Aljeriya. Gayya ta zama labari. Abin da nake son saya da miliyan shidan nan shi ne kada in sake tsayawa a bakin gona ina kallon ƙasa na bushewa, ina kiran lambar da ba a ɗauka.

Da la'asar na je Tibiri gaida Kawu, na faɗa masa. Ya yi shiru, can ya ce, “Ɗana, itatuwan babanka fa, ina za ka kai su?” A lissafina duka babu itace ko ɗaya. Bayan yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El Buhari, mahaifina na cikin waɗanda suka karɓi sassaben zamani, dabarar da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, da abokan aikinsa suka yaɗa daga nan jihar Maraɗi: a daina ƙone kututture, a zaɓi tofo mai ƙarfi a rene shi har ya zama itace. Yau jigawarmu cike take da gawo da kalgo da sabara da aduwa, ba a jere ba, duk inda Allah ya fito da su. Gawo na zubar da ganye da damina, geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina kauri. Direban haya kan kewaye manyan, amma ƙananan faifai ke bi ta kansu, na gani da idona bara. In tarakta ta zama tawa, na san zuciya za ta fara raya mini in share mata hanya.

Kawu ya ƙara da cewa jigawa ba ta son a zurfafa mata. Rairayi ne, in aka birkice shi kafin shuka ta kama, iskar farkon damina ta kwashe na saman ta binne tsiron. Fadama ce mai taurin da ke buƙatar ƙarfe. Shawararsa bijimai biyu da garma da amalanke: su yi huɗa, su kwaso damman gero, su ba da taki, bayan shekara uku ko huɗu a sayar da su da ƙiba a sayi ƙanana. “Ƙarfe kullum raguwa yake, sa kuwa ƙaruwa.” Na ce masa su ma sai da mai kiwo, ga tsadar dusa da harawa da rani, ga satar shanu da ta addabi ƙauyukan bakin iyaka. Bai musa ba.

Da dare uwargida ta saurare ni har ƙarshe, ta tambayi abu ɗaya: kuɗin daga ina? Daga jarin shago da filin da muka ajiye saboda karatun yara. Ta ce, “Alhaji, kada a taɓa filin.” Na yarda da ita.

Na kira mai taraktar na ce ya sayar in ya samu mai saye. Jumma'a in Allah ya kai mu zan leƙa kara in ji kuɗin bijimai. Zan kuma kira Yaya a Yamai kan ƙaramar taraktar nan mai ƙafa biyu da ake tuƙawa da hannu, irin wadda na gani a lambunan Jiratawa. Kuɗinta bai kai rabin wannan ba, tana shiga tsakanin itatuwa, ana ɗaura mata famfon ban ruwa da rani. Fadamarsa na jikin tawa, in ya yarda mu haɗa kuɗi sai mu rubuta wa zai riƙe ta da wa zai biya gyara tun kafin a sayo.