Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Aikin da Ke Farawa Bayan Sallama

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne inda aikina ya tashi daga ɗakin masu ciwon daji ya koma bin majinyata har gida. Yau yadda ake yin aikin zan faɗa, domin na san da yawa cikinku akwai wanda kuke jinya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano ciwon daji a jikin mutum kusan miliyan 20. Mafi yawan kwanakin jinyarsu a gida suke yin su, inda babu likita babu nas, kuma a can ne abubuwa suka fi lalacewa.

Ziyarar farko da tambaya ake fara ta, kuma majinyacin kansa ake tambaya: "Me ya fi damun ki a makon nan?" In ɗaki cike yake da dangi, amsar ba ta wuce "da sauƙi", saboda haka a nemi a keɓe da shi ko na minti goma ne. A ce ya auna damuwarsa daga 0 zuwa 10. Wanda ya ce 4 ko sama, ba a tashi sai an san dalili. Mata biyu, ciwo ɗaya, magani ɗaya, amma wannan rashin barci ne ya hana ta sakat, waccan tsoron rasa aikinta. Tallafi kamar ɗinki ne, sai an auna mai shi. A ɗauki damuwa uku da suka fi nauyi, a rubuta wa zai yi me kuma yaushe, a sa sunan ma'aikaci ɗaya da lambar da za a kira ko da tsakar dare. Takardar a hannun majinyaci take zama.

Abu na farko da ake koya wa gida shi ne zazzaɓi. Bayan an sa maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki daga ƙwayoyin cuta kan yi ƙasa sosai, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14. A wannan tsakanin, zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, asibiti za a nufa nan take, ba a jira gari ya waye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba da farasitamol tun kafin a auna: zafin ya sauka, hankali ya kwanta, alhali ƙwayar cutar da ta kawo zazzaɓin na ci gaba da bin jini. Duk gidan da ake kemo ya kamata a ce akwai ma'aunin zafi, da mutum biyu da suka iya karanta shi.

Sai maganin raɗaɗi, inda tsoro ke cutar da mutane ba gaira ba dalili. Mofin na sha mai saurin aiki duk awa 4 ake ba da shi, bisa agogo, kamar yadda likita ya rubuta. Dangi sukan ɓoye kwalbar sai majinyaci ya fara kuka, wai kada ya saba. Wannan yana ƙona mini rai, domin raɗaɗin da aka bari ya yi ƙarfi ya fi wuyar saukarwa. Mofin kuma kusan kullum yana taurara bayan gida, don haka ranar da aka fara shi ranar ake fara maganin sassauta ciki. In aka manta, kwana kaɗan majinyaci ya ƙi maganin gaba ɗaya. A riƙa rubuta lokacin kowane sha da ƙarfin ciwon, da wannan takarda likita zai san ko zai ƙara.

Sabon ciwon baya tare da raunin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari na iya nufin ciwon ya danne laka. Asibiti a ranar.

Waɗanda suka gama magani su aka fi mantawa. Kowa ya ce an warke, a watse, su kuwa ga kasala, ga fargabar dawowar ciwo duk lokacin da ranar awo ta matso. Kasalar nan kwanciya ba ta kore ta. Tafiya a ƙasa ce ke rage ta, a fara da minti 10 a rana, a riƙa ƙarawa har a doshi minti 150 a mako. Wadda aka cire wa kaluluwar hammata, hannunta na iya kumbura bayan watanni, har bayan shekaru. Ta riƙa shafa mai kada fata ta tsage, ta wanke ko ƙaramin yanka ne, in zobe ya fara matse ta ko hannun ya yi ja da zafi ta kira. Masu shan tamosifen, maganin hana ciwon dajin nono dawowa, na shekara 5 zuwa 10 sukan daina a ɓoye saboda zafin jiki da gumin dare. A tambaye su kai tsaye, ba da faɗa ba, domin akwai dabarun rage wahalar.

Takardar nan ta farko ana sake ta duk lokacin da magani ya canza, kuma a sa mai jinya a cikinta: wa zai karɓe ta, wace rana za ta yi barci cikakke. A kanta za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.