Madafa ce ta cinye mana mako huɗu

Gidan soyayyar kaza ne a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, reshen wani kamfani mai ba da aron sunansa da tsarinsa, abin da ake kira faranshiz. Mai kuɗin ɗan Maraɗi ne, masu sunan suna Yamai, ni kuma aka danƙa wa aikin shirya wurin: shago fayau mai mita 9 a kan 14, littafin ƙa'idoji, da wa'adin mako goma. Sha huɗu muka yi, kuma ƙarin duk a madafa ya tafi.

Littafin ya faɗi launin fenti, tsayin kanta, irin kujeru, har inda tambari zai zauna. Wannan bi kawai ake yi. Abin da ke cikin ƙasa da bango shi ne aikin.

Na bar magini ya zuba daɓe ya shimfiɗa karo, wato tayil, bisa zanen da aka aiko, injuna suna kan hanya. Da suka iso, mafitar ruwan wurin wanke-wanke ta kauce wa bututunmu da santimita 40, firiji kuma faɗinsa 84, ƙofa 80. Muka fasa karo, muka cire ƙyaure. Tun daga nan ba a zuba mini siminti sai takardar kowane inji tana hannuna: faɗi, zurfi, kilowat nawa, ta ina ruwa ke shiga, ta ina yake fita. In zana kowanne da alli a ƙasa, in tara mai famfo da mai wuta da mai walda, su tsaya cikin zanen su yi gardamarsu a nan.

Bututun ƙazamin ruwa na sa mai faɗin milimita 110, da gangarar santimita 2 a kowace mita. In gangarar ta gaza, maiko ya kwanta ya daskare. Tarkon maiko a waje yake zama, inda za a buɗe a kwashe ba tare da wari ya kai ga masu ci ba. Kafin a rufe rami, a toshe bututun, a cika shi da ruwa ya kwana. Bayan karo kuma a sheƙa bokiti guda a tsakar madafa a ga inda ruwan ya nufa.

Wuta ta fi ba ni wahala. Injin suya mai kwano biyu shi kaɗai kilowat 18 yake ci, kuma mai layi uku ne, volt 380. Kwantar wutar da muka tarar, wato mita, ta gida ce, volt 220. Takardar neman ƙarin ƙarfi ranar farko ya kamata in kai, ni kuwa sai a mako na biyar na kai. Gurup ma, wato janareta, kada a auna shi da jimillar kilowat kawai, don kwamfuresar firiji idan za ta tashi tana jan ninkin abin da take ci. Ranar da muka gwada gurup, mai dafuwa ya fito yana share ido ya ce, "Malam, fankar nan taka ba ta ɗaukar hayaƙi." An sauya jerin layukan ne wajen haɗi, fanka tana juyi da baya. Waya biyu aka musanya, magana ta ƙare. Da firiji mai layi uku ne ya sha wannan, da an yi asara.

Rumfar zuƙe hayaƙi ta zarce injin suya da santimita 20 zuwa 30 ta kowane gefe. Sai dai iskar da ta fitar dole wata ta maye gurbinta. Ba mu yi mata hanya ba da farko, sai ta riƙa janye sanyin ɗakin cin abinci, ƙofar shiga ta yi nauyi, ƙurar hunturu tana kutsowa ta kowace kafa. Muka huda bango, muka sa fankar shigo da iska mai matata da ake cirewa a wanke.

Firiji kuwa a duba alamarsa. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana wuce digiri 40, madafa ta fi haka. Mai alamar T, wanda aka yi wa 43, shi nake karɓa, injin ɗakin sanyi kuma a waje, cikin inuwa.

Rabin kayanmu daga Kano ya zo, ta Katsina da Jibiya zuwa Ɗan Isa. Filoginsu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, soket ɗinmu irin na Faransa, sai an sauya. Wanda ya ga rufe iyaka daga 2023 zuwa Maris 2024 ba ya ɗora ranar buɗe gida a kan motar da ba ta tsallako ba. Karo ina ƙara kashi 10 cikin ɗari a saye ɗaya, don na biyu ba ya zuwa da launi ɗaya.

Duk canjin da na yi wa zane, sai masu suna sun amince a rubuce, da hoto. "To, ba komai" ta waya ba ta tsaya maka ranar da mai dubawa ya zo. Ma'aikata ina biyansu mataki-mataki, in riƙe kashi 10 har bayan gwaji: kwana uku ana suya da ƙarfe biyu na rana, komai a kunne, yini ɗaya a kan gurup kaɗai. A rana ta biyu wayar injin suya ta ɗumama a hannuna, muka cire mai lamba 6 muka sa mai 10, wadda ta fi kauri.