Hasken da zogale ya sha

Wata tara na yi a kan aikin bincikena na ganyen zogale, tambaya guda ta rusa shi. Yanzu da na dawo gida Maraɗi na rataye farar riga, ga abin da nake so ƙannena masu shiga labo su ji.

A Jiratawa na sayi ganyen. Inna ce ta shanya mini shi a ɗakinta kan tabarma, tana juyawa safe da yamma don kada rana ta taɓa shi. Abin da nake bi shi ne yadda kuwasetin, wani sinadari rawaya da ke cikin zogale, ke maƙale wa albumin, furotin ɗin da hanta ke yi, wanda ya fi kowane yawa a ruwan jini, giram 35 zuwa 50 a lita. Albumin goyon magani yake yi. Wanda ke goye ba ya aiki, sai wanda ya sauka. Warfarin, maganin hana jini daskarewa, kashi 99 cikin ɗari a goye yake tafiya, a mazauni na farko cikin mazaunan magani biyu na jikin albumin da masu bincike, Sudlow da abokan aiki, suka bayyana a 1975. Kuwasetin ma nan yake son zama.

Awon kun san shi. A haska albumin na mutum da haske mai tsawon zango nanomita 295, sai tiriftofan ɗinsa guda ɗaya, na 214 a jerin tubalan da suka gina furotin ɗin, ya maido haske wajen 340. A ɗiga ruwan ganye, hasken ya dushe, a ɗauki hakan alamar kuwasetin ya maƙale. Nawa ya yi ta dushewa ɗigo bayan ɗigo, har na kira Inna a waya na ce aiki ya yi kyau.

Amma ruwan da ke cikin ƴar kwalbar rawaya ne, ina ganinsa da idona. Kuwasetin da kansa yana shan haske, mai shiga da mai fita, ko da bai taɓa albumin ba. Raina bai kwanta ba. Na ce wa malamin da ke duba aikina, "Malam, ruwan nan fa yana da launi. Ko in auna abin da yake sha shi kaɗai, mu gyara lissafin?"

Ya ce, "Kai yaro, kwana uku aka ara mana injin nan. Auna abin da na ce maka."

Na yi shiru, na bi. Laifina ke nan, kuma ba na ɗora wa kowa shi.

Ranar kare aikin, wata malama cikin alƙalai ta buɗe shafin lissafi ta ce, "Ina gyaran hasken da ruwan ganyenka ya sha?" Na waiga wajen Malam. Takardunsa yake jerawa. Da ya ɗago sai ya ce wa mutane ai ya sha gaya mini. Ƙanin babana yana zaune a baya, ya yi doguwar tafiya don ya ga wannan rana. Wannan maganar har yau ba ta fita daga raina ba.

Na sake awon daga baya da kuɗin aljihuna. Maƙalewar gaskiya ce, sai dai ƙarfinta bai kai abin da na rubuta ba.

Sauran kaɗan ne. Albumin na saniya ya fi araha, amma tiriftofan biyu gare shi, kada ku kira shi na mutum. Abin da ke cikin ganye ba shi ne ke isa jini ba, hanji da hanta suna sāke masa kama tun a hanya. Duk umarnin da aka ba ku da baki, ku rubuta shi a littafin labo da kwanan wata.

Aikin kuwa ban fasa ba. Yaron da tamowa ta kumbura wa ƙafa albumin ɗinsa ya yi ƙasa, ga uwa tana ba shi jiƙo a gida, ga maganin likita. Nawa ke goye, nawa ya sauka? Shi nake so in auna. Inna ta riga ta shimfiɗa wani sabon ganyen.