Watannin da muka yi muna shirin karɓar ɗan riƙo

Bayan shekara 9 da aure ba tare da Allah ya ba mu haihuwa ba, ni da maigidana muka yanke shawarar neman jariri daga gidan marayu. A lokacin na ɗauka cewa ba ni da wani abin da zan koya, domin na tashi a gidan da ba ya rabuwa da 'ya'yan riƙo, na kuma ga yadda mahaifiyata ta raini 'yar ƙanwarta har ta aurar da ita. Sai daga baya na gane cewa riƙon ɗan dangi daban yake da riƙon yaron da ba a san iyayensa ba.

Ɓangaren hukuma bai ba mu wahala sosai ba, ban da jira. Mun rubuta takardar nema zuwa ma'aikatar harkokin mata ta jiharmu, aka duba lafiyarmu, sannan jami'ar jin daɗin jama'a ta zo ta ga ɗakunanmu, ta tambayi abin da muke samu a wata. Ta bayyana mana cewa Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 doka ce ta tarayya wadda kowace jiha take amincewa da ita a majalisarta, kuma kotu ce za ta yanke hukuncin ƙarshe.

Zaman da muka yi da malaminmu shi ne ya fi taɓa ni. Ya fara da labarin Zaidu ɗan Harisa, ɗan riƙon Annabi (SAW), wanda ake kira ɗan Muhammadu har aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka da umarnin a riƙa kiran irin waɗannan yara da sunan iyayensu. Wannan yana nufin yaron ba zai ɗauki sunan maigidana ba, kuma ba zai gaje mu ba, sai dai mu yi masa kyauta tun muna raye ko mu bar masa wasiyyar da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Daga nan malam ya kawo maganar da ban taɓa tunaninta ba: idan yaron ya balaga, ni ba muharramarsa ba ce, dole in sa mayafi a gaban wanda na goya. Na yi shiru na tsawon lokaci kafin ya nuna mana mafita, wato shayarwa kafin yaro ya cika shekara 2. Ƙanwata tana da goyo a lokacin, kuma idan ta shayar da shi ya zama ɗanta na shayarwa, ni kuma na zama innarsa. Da na kira ta a waya, ba ta bari na ƙarasa bayani ba ta amince.

Abin da har yanzu muke tattaunawa shi ne yadda za mu gaya masa asalinsa. Wata dattijuwa a danginmu ta ba da shawarar a ɓoye masa, amma a unguwa irin tamu magana ba ta ɓuya, kuma ba na son ya fara jin labarin daga bakin wani yaro a hanyar makarantar allo ta hanyar gori. Mun amince mu fara faɗa masa kaɗan-kaɗan tun yana ƙarami, da kalmomin da zai iya ɗauka. Na sayi littafi ina rubuta ranar da muka fara ganinsa da kalar rigar da ke jikinsa, domin wata rana zai tambaya.