Bidiyon manhajar da ba ta hau intanet ba tukuna

Laraba, da dare.

Matar da nake gina wa manhajar rajista ta ce tana son ganin inda aka kwana. Ba ni da adireshin da zan tura mata, domin manhajar tana kan localhost, wato cikin kwamfutata kaɗai, kuma adireshinsa, 127.0.0.1, a kowace kwamfuta ita kanta kwamfutar yake nufi. In ta buɗe a tata, ba abin da za ta tarar. Sai na ce bari in ɗaukar mata bidiyo.

Da OBS Studio, manhajar ɗaukar bidiyon allon kwamfuta, na yi. Tagar burauza kaɗai na ɗauka, ba duk allon ba, kada saƙon wani ya faɗo ko wani makullin sirri ya leƙo. Girman hoto 1920 da 1080, firam 30 a daƙiƙa, ya wadatar. Na ajiye bidiyon a nau'in fayil na MKV, ba MP4 ba, don in na'ura ta tsaya ana cikin ɗauka, MP4 na iya lalacewa gaba ɗaya. Daga baya OBS ɗin da kansa ya mayar mini da shi MP4. Sunayen da ke cikin rumbun bayanai duk na ƙirƙira ne.

Abin da ya ci mini rana shi ne maganar sauri. A localhost buƙata ba ta barin kwamfutar, kana dannawa shafi ya buɗe kamar walƙiya. In na nuna mata haka, na yi mata alkawarin abin da masu amfani da waya ba za su samu ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai. Don haka na rufe sabar gwaji ta Vite (kayan aikin da nake gina manhajar da shi) da ke kan kofa (port) 5173, na haɗa manhajar yadda za ta fita, na kunna ta da umarnin vite preview a kofa 4173. Wannan ya fi kusa da gaskiya, tunda sabar gwajin fayiloli take aikowa ɗaiɗai. Sannan na shiga DevTools, kayan aikin masu gina shafi da ke cikin burauzar Chrome, na rage saurin zuwa na 3G.

Na ɗauka a hakan. Inda shafin jerin sunaye ya ɗan jima yana juyawa ban yanke ba, na dai yi bayani da murya cewa hotuna ne ke jawo nauyin, kuma su zan rage gobe.

Fayil ɗin ya yi girma, na matse shi da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, na tura mata. Bayan isha'i ta amsa: a ƙara girman rubutun maɓallan, a kuma fara da hotunan kamar yadda na ce.